Famfon Honorabul Chaïbou

Na san Chaïbou Arzika tun kafin ya zama Honorabul, lokacin da ake kiransa da sunansa ya amsa. Mutumin Nijar ne, daga wani ƙauye can bayan Maraɗi da ake kira Tudun Aduwa. Ni kuwa Surajo, Bakano ne. Wani katafaren sito a titin Wendover, can Amurka, ya haɗa mu, shi yana tuƙa motar ɗaga kaya, ni ina liƙa takarda a jikin kwali. Da yake ba shi da mota, ni nake ɗaukarsa kullum da safe, don haka babu abin da ban sani ba game da shi, har da wanda ban tambaya ba.

Auta ne a ɗakinsu. Ya yi noma, ya sayar da shayi a Kwatano, ya wanke motoci a Lome, sannan cacar biza ta faɗo kansa ya sauka a Greensboro. Duk inda hira ta nufa, a wurinsa sai ta ƙare a kan ruwa. Tudun Aduwa babu rijiya. Innarsa, tsohuwa mai ciwon gwiwa, kullum sai ta kora jaki tafiyar awa guda zuwa wata tsohuwar rijiya a fadama. Ya sha sa a nemo mai ɗebo mata, ta ce ai ba ta mutu ba tukuna. Shi ya sa in ka bar famfo yana zuba wurin alwala, Chaïbou zai miƙo hannu ya rufe, ko da ba ka gama wanke ƙafa ba.

A shekarar 2004 aka ce kowane gungun ƙauyuka a ƙasarsu zai zaɓi majalisarsa, kansiloli kuma su fitar da magajin gari daga cikinsu. Chaïbou ya je wani shago a High Point Road aka buga masa riguna da hotonsa, ya ɗauki hutunsa na mako biyu, ya tafi kamfe. Alkawari ɗaya ya yi, famfon burtsatse a Tudun Aduwa. Mutanen gari suka dubi rigunan, suka dubi takalminsa, suka zaɓe shi. Ya zama ɗaya daga cikin kansiloli goma sha ɗaya, kuma babu wanda ya tambayi yadda mutumin da ke Amurka zai riƙa halartar zama sau huɗu a shekara.

Shi dai ya riga ya samo dabara. Doka ta yarda kansila ya wakilta ɗan'uwansa kansila ya jefa masa ƙuri'a. Sai ya sa hannu a takarda ya bar wa Maazou, kansilan ƙauyen Kwarin Gawo. Jam'iyyarsu ɗaya, kuma rana ɗaya aka yi musu kaciya.

Wanda ya dawo mana ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya buga katin sunansa da muƙaminsa da Faransanci da Turanci. A wurin suna ba ya zama sai a layin gaba, kuma in aka miƙa masa shinkafa a farantin roba sai ya ce ya ƙoshi. Akwai wani ɗan littafin doka da yake yawo da shi a aljihun rigar aiki, ni ne kuma Allah ya ɗora wa sauraro.

"Malam Surajo, ka san mi ke hannunmu?" in ji shi. "Rijiya, kasuwa, lakwal, likita, burtalin shanu, takardar haihuwa. Ko jaki ba ya canza hanya cikin komin ɗinmu sai mun yi bot." A bakinsu lakwal makaranta ce, komin ƙaramar hukuma, bot kuwa ƙuri'a.

"To Honorabul, sauko mun iso," na ce. "Saura minti uku mu buga katin shiga aiki, ka san halin supabaiza."

Waya ba ta kai ƙauyukansu ba a lokacin, don haka da kaset yake mulki. In an tashi cin abincin rana sai ya karɓi mukullina, ya shige mota, ya rufe gilashi duk zafin bazara, ya kafa rikoda a kan sitiyari. Daga nesa sai ka hango shi yana nuna yatsa yana gumi, yana jawabi ga layin motocin ma'aikata. Kaset ɗin kuwa sai an sami matafiyi zuwa Yamai, daga can a ba direban Maraɗi. Jawabinsa na hana shanu shiga gona da damina ya isa bayan an gama girbi. Maazou kan aiko cewa majalisa ta saurara ta yi tafi. Sai daga baya muka ji cewa ana kunna kaset ɗin ne in an fita salla.

Ana cikin haka, a ƙarshen 2006, wata ƙungiyar agaji ta ce za ta haƙa famfo guda ɗaya tak, majalisa ta zaɓi wuri. Ƙauyuka biyu ke nema, Tudun Aduwa da Kwarin Gawo. Chaïbou ya je neman hutu, aka nuna masa cewa ya riga ya cinye na bana. Ya kashe shi ne a wani taron 'yan ƙasa a New York, inda aka zaunar da shi a babban tebur aka rubuta sunansa a kwali.

Ranar na yi masa magana ba wasa.

"Chaïbou, ka tafi, ko da za su kore ka. Aiki ba ya ƙarewa a garin nan. Saboda wannan zaman aka zaɓe ka."

"Honorabul," ya gyara mini. "Kai ba ka san politik ba. Kaset uku na aika, kuma Maazou na nan. Ni da shi duk ɗaya ne."

Bayan wata huɗu Ɗantala, wani mai safarar motoci zuwa gida, ya dawo da hoto da kaset. A hoton ga famfo sabo fil, an kewaye shi da siminti, ga allo an jera sunayen kansilolin da suka amince. A ƙauyen Kwarin Gawo. Ɗantala ya ce shida da biyar aka tashi. Da aka zo ƙuri'a Maazou hannu biyu ya ɗaga, ɗaya nasa, ɗaya na Chaïbou. Sunan Honorabul ne ma na biyu a allon, har da kalmar Amurka a gefe.

Na so in ce masa ai na faɗa maka. Wallahi maganar ta zo har bakina, don haushinsa nake ji. Amma da muka shiga mota da rana ya tura kaset ɗin, sai na ji muryar tsohuwa, innarsa, na haɗiye maganar.

Ta gaishe shi, ta gaida abokin nan nasa mai mota, ta ba da labarin gero da wanda ya rasu. Sannan ta ce:

"Auta, Allah shi yi maka albarka, ka cika magana. An ce mini sunanka na rubuce jikin hwamhon. Na sa an nuna mini wurin, kullum in na je sai na shafa shi. Mutane na ta surutu wai ya yi nisa, wai ya ɗara rijiyar fadama da rabin awa. Su suka sani. Ni dai na bar zuwa fadama. Ɗana ya yi ruwa, in je in sha na wani? Gwiwar ce dai ke ɗan damuna wajen dawowa, amma ina hutawa a hanya."

Kaset ya ci gaba da juyawa babu magana. Chaïbou bai kashe ba. Ya zaro ɗan littafin dokar daga aljihu, ya dube shi, ya tura shi cikin akwatin gaban mota inda nake ajiye tsumma.

"Honorabul, lokaci ya yi," na ce a hankali.

"Chaïbou," in ji shi. Ya buɗe ƙofa ya nufi sito.