Shekarar da Mata Suka Ƙaurace wa Kitson Gwaggo

Jiya da hantsi wata adaidaita ta wuce ta ƙofar gidana a Takur, an ɗaura mata lasifika ana shelar wani taro. Ban ma ji ko taron mene ne ba. Yadda muryar take shaƙewa tana dawowa shi ya mayar da ni garinmu, can bayan Kiyawa, shekarar da aka ƙaddamar da shari'a. Ina aji biyar na firamare a lokacin.

Kaka ta shigo. An yanke gero, dawa ta sunkuyar da kai, kowane gida ka shiga ƙamshin dafaffiyar gyaɗa ke maka maraba. Lokacin bukukuwa ke nan, kuma lokacin da gwaggona, ƙanwar babanmu, ba ta samun sararin cin abinci a zaune. Ita ce mai kitson unguwa. Mijinta ya rasu a Kano, ta dawo gida tana riƙe kanta da yatsunta. Tun safe mata ke cika gindin darbejiyar tsakar gidanmu, ga man shanu a ƙoƙo, ga kan mace a cinyarta. In ka san gidan kitso, ka san da zarar kai ya kwanta a cinya, baki ya buɗe. Babu abin da gwaggo ba ta ji ba, ban kuma taɓa jin ta fitar da ko ɗaya ba.

Wata ranar kasuwa mai shela ya zaga gari a kan babur. Za a yi taron marubuta a filin makarantarmu, in ji shi, za su zo daga Kano da Dutse su karanta littattafansu. Malamin Hausa na sakandare ne ya shirya. Sai mai shelar ya ƙara da cewa, "Cikin manyan baƙi har da wata marubuciya 'yar garin nan, wadda ta rubuta littafi a kan garin nan!" Bai faɗi suna ba. Da aka tambayi malamin, sai ya yi dariya ya ce a bari ranar ta zo.

Dama dattawa ba su yarda da littattafan Hausa ba, sun ce su ke lalata 'yan mata, balle a shekarar da kowa ke sa ido a kan ɗan'uwansa. Baffana yana cikin 'yan agaji, shi ya fara cewa a hana taron. Amma abin da ya hana mutane sukuni daban ne. Wace ce? Me ta sani? Matan garinmu da suka yi boko ba su da yawa, kuma a cikinsu ɗaya ce ta zauna a Kano, ita ce kuma kowa ya zuba wa cikinsa: gwaggo.

Da farko mata biyu suka aiko cewa kansu na ciwo. Sai wata amarya ta tafi har Jahun aka yi mata kitso. Kafin a jima tabarmar gindin darbejiya ta koma ta kaji. In an aike ni rijiya, ina isowa hira ke mutuwa, a bi ni da ido har in cika tuluna. Wata maƙwabciyarmu da ke ba ni ƙuli-ƙuli kullum ta ja ni gefe ta ce, "'Yar nan, gwaggonki tana yawan sayen biro?" Na ce ban sani ba. Daga ranar ni ma na fara leƙen ɗakin gwaggo, don zato cuta ce mai yaɗo.

Kakarmu ce ta kira gwaggo, a gaban babanmu. "Ke, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Ke ce?"

Gwaggo ta daɗe tana kallon yatsunta. "Inna, har ke?" Ta juya ga babanmu. "Yaya, kai ma haka ka ɗauka?"

Babanmu bai ce a'a ba. Ya ce dai gari ya ɗauki magana, in akwai abin janyewa a janye tun da wuri. Ta tashi ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci tuwo ba.

Ranar taro filin makaranta ya cika maƙil, ba don son karatu ba. Dattawa a gaba kan benci, 'yan agaji a tsaye, mata can baya da hijabai, kowa zuciyarsa a hannu. Wani ya rera waƙe, wani dattijo ya karanta labarin yaƙi. Da aka kira 'yar gari, duk kawuna suka juya wajen gwaggo. Sai wata mace mai tabarau ta miƙe daga cikin baƙi. Ashe 'yar wani malamin dabbobi ce da ya taɓa zama a garinmu, an haife ta a nan, aka tafi da ita tun tana goye. Ta karanta labarin wani makiyayi da saniyarsa ta ɓata a fadama. Ko mutum ɗaya da muka sani babu a ciki.

Na ɗauka magana ta ƙare. Tun a hanyar gida na ji wata tana cewa ai makiyayin nan da mijin wance yake kama, an dai canza masa sana'a. Wata ta ce wadda ta bar gari a goye, wa ya faɗa mata akwai fadama a gabas? Dole da mai ba ta labari. Mata sun dawo kitso kaɗan-kaɗan, amma sai su kwantar da kai su yi gum, ba ka jin komai sai kukan kurciya. Babu wanda ya ba gwaggo haƙuri. Damina na faɗuwa ta tattara kayanta ta koma Dutse.

Yanzu mutanen garinmu da hannunsu suke ɗora rikicin gidajensu a waya, duniya ta gani, har su ji haushi in ba a kalla ba. Taron marubuta kuwa roƙon mutane ake su zo. Gwaggo ta tsufa, yatsun sun ƙage, nakan je in yi mata kalaba da kaina. Kwanaki na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ta taɓa sha'awar rubuta abin da ta ji.

Kanta na cinyata ta ce, "Da rubutawa na yi, da tuni na huta, 'yar nan. Duk suna nan a cikina, har waɗanda masu su suka mutu."