Barcin da Ya Ƙi Shiga Jami'a

Tun yana yaro ake ce masa Gyangyaɗi, har sunan yanka ya ɓace. Ya yi barci a aji, ya yi a layin asibiti, ranar ɗaurin aurensa ma sai da aka zungure shi. Da ya girma ya zama mai gyaran agogo, yana gyara abin tashin mutane, shi kuwa kansa a kife kan tebur. Matarsa tela ce, kekenta na gefen teburin. Kullum tana takawa tana mita: "Baban yara, da barci sana'a ne, da tuni mun yi bene."

Kwatsam sai ga masu neman hajarsa. Wata farfesa mai binciken ƙwaƙwalwa, ita da ɗalibanta, suna neman masu barcin rana, su ga me ƙwaƙwalwa ke yi idan mai ita ya tafi. Ya sa rigarsa ta fita kunya ya nufi jami'a, yana jin yau za a wanke shi a idon matarsa.

Suka shafa masa wani mai mai sanyi a ka, suka manna wayoyi kamar kitso, suka kwantar da shi a ɗaki mai labule masu kauri. Tsit, kamar an yi ruwa an ɗauke. Ya rufe ido. Ya ji bugun zuciyarsa, ya ji haɗiyar yawunsa. Barcin da ya bi shi shekara da shekaru ya toge a bakin ƙofa. A allon na'ura kuwa layukan ƙwaƙwalwarsa sai tsalle suke kamar fara.

"Baba," in ji Farfesa, "in gobe ma haka ne, sai dai mu nemi wani."

Ya koma gida ya ba da labari. Matar ta taka keke ta ce, "Oh ni! Barcin ma ka faɗi jarrabawa?" Kafin ta kai ƙarshen kalmasar rigar da take ɗinkawa, yana minshari. Da ya farka ya daɗe yana kallon keken.

Washegari da keke da mai keke suka iso jami'a. Farfesa ta ce hayaniya na ɓata bincike, amma son sani ya fi ƙarfinta. Keke ya fara, mita ta biyo baya. Gyangyaɗi ya ga yadi yana fitowa daga ƙarƙashin allura, yana ƙara faɗi, har ya zama kogi. Agogai marasa hannu suna iyo a ciki, shi kuma yana tafiya a kai ba takalmi, ba mai kiransa. Layukan allo suka lafa, suka koma manyan igiyoyin ruwa masu tafiya a hankali.

Matar ta ɗaga kai ta gani. Ashe nan yake zuwa duk shekarun nan. Ƙafarta ta tsaya, bakinta ya mutu. Nan take layukan suka fara tsalle.

Farfesa ta matso ta yi mata raɗa: "Mama, don Allah ci gaba da faɗan."