Ranar da Illo Ya Ɗaga wa Makaɗa Hannu

Ina kasuwa ina yankan nama Auwalu ya kira ni, ya ce wansa Illo ya rasu, zazzaɓi ne. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ajiye wuƙar, na zauna a ƙasa.

Tare muka tashi da Illo a Kwalkwalawa. Noman shinkafa yake yi, amma da kokawa aka san shi. Wata kaka gwiwarsa ta gurɗe a fili. Bai gama warkewa ba ya je kallo, makaɗa suka hango shi suka saki takensa. Ɗan kokawa ba ya jin takensa ya zauna. Ya shiga, muka maido shi gida a kan babur yana hawaye. Mutane suka ce ta Illo ta ƙare.

Da ya sami sauƙi ya dogara sanda har gidan Mode, babban makaɗin.

"Baba, in ka gan ni kada ka kaɗa mini, sai ranar da na ɗaga maka hannu."

Mode ya ce bai taɓa jin irin wannan roƙo ba, amma ya yarda.

Mai gashin ƙashi a asibiti ya ce wa Illo ya bi a hankali. Sai ya fara tafiya cikin yashin bakin gulbi. Daga baya ya riƙa saɓa buhu da 'yar shinkafa a gindinsa, duk Jumma'a ya ƙara kwano guda. In gwiwa ta kwana da kumburi, ya rage. A fili abokan wasa suna tsokanarsa, "Illo, an koma 'yan kallo?" Sai ya ci gaba da shan rakensa. Ni na san abin yana cinsa.

Sai da buhun ya cika ya ɗaga hannu. Mode ya saki take, fili ya ruɗe. Illo ya ɗauki Uba na Wamakko, wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba a shekarar, ya shimfiɗe shi. Na yi ihu har muryata ta dushe.

Makon jiya Illo ya biyo ta teburina. Na ce, "Gwiwa fa?"

"Wacce? Wallahi Jinaidu, na manta wadda ta yi ciwon."

"Ta hagu ce, maƙaryaci."

"To kai ka riƙe, ni na gama da ita. Yanko mini tsoka, ban da kitse, Asabar ina da wasa."

Allah ya jiƙanka, abokina.