Ranar da Na Yi Alƙalancin Dara

Shekarar da 'yata ta shiga aji biyar, malaminsu ya kawo dara makaranta. Ya zana gurabe a jikin kwali, ya tara marafen kwalba da ƙwallayen dabino. Ya ce da ita zai koya wa yara jiran layi, da bin doka, da haƙuri idan an cinye mutum. Hankalina bai kwanta ba. Ni na san dara wasan manyan maza ce a gindin bishiya bayan an gama girbi. Sai da na tambayi limaminmu, ya ce in dai babu caca babu laifi.

Ƙarshen zango aka shirya gasa, malamin ya ce ni zan yi alƙalanci. "Kai ne ba ka iya rufe ido a kan komai," in ji shi, yana dariya. Na so in ƙi, kunya ta hana ni.

Dokarsa ɗaya ce mai tsanani: ɗan da ka taɓa, shi za ka matsar. 'Yata ta kai wasan ƙarshe, ita da wata yarinya daga ƙauyen gabas da mu. Ana tsakiyar wasa na ga yatsanta ya sauka kan wani marfi, ta janye da sauri, ta kai hannu kan wani. Ba wanda ya gani. Malamin yana can yana korar awaki daga baranda.

Gumi ya keto mini. In na yi shiru, na ci amanar da aka ba ni. In na yi magana, na kunyata ta gaban ƙawayenta.

"Koma kan wanda kika fara taɓawa," na ce. 

Ta koma. Ba a daɗe ba aka cinye ta. Ta miƙa wa yarinyar hannu kamar yadda aka koya musu, ba ta dube ni ba.

A hanyar gida, cikin gonakin gero, tana gaba ina baya. Can ta tsaya.

"Baba, hannun waccan fa? Ka kalle shi?"

Tun da aka fara wasan, idona bai bar hannun 'yata ba. Ko waccan yarinyar ta yi irin haka, har yau ban sani ba.