Abin da ke cikin layar Malam Isa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan aka kira ni daga asibiti, Malam Isa ya rasu. Ku yi haƙuri da rubutun.

Tare muka fara koyarwa a wata firamare a Sakajiki, Zamfara tana sabuwar jiha. Shi ke goya ni a mashin daga Kaura. In taɓo ya riƙe mu shi ke turawa, ya ce ni in riƙe littattafai.

Abu ɗaya ke haɗa mu faɗa, wata laya a damtsensa. Ni da bakina, kullum sai na ce, "Haba Malam, Shari'a ta zo, kai har yanzu?" Sai ya yi dariya ya ce, "Ustazu, ranar da ka ƙare wa'azi na faɗa maka abin da ke ciki."

Ban taɓa ƙarewa ba.

Jiya bayan azahar ciwon ciki ya kayar da shi. Na kai shi asibiti, aka ce hanji ne ya murɗe, sai tiyata nan take. Da za a canza masa kaya na yi wuf na kwance layar na sa aljihu, wai ina rufa masa asiri. Ya damƙe hannuna, da ƙyar ya ce, "Bar ta... bar ta..." Na ce, "Allah ke tsarewa, Malam."

Likita ta tambaye ni ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Na ce babu.

Ana yi masa allurar barci jikinsa ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Wallahi sun yi iya yinsu. Bai farfaɗo ba.

Matarsa tana Zurmi wajen suna, wayarta ba ta shiga. Ɗazu ta iso, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Malam Bala, kun nuna musu takardar?"

"Wace takarda?"

"Ta damtsensa mana!"

Na sa reza na farke fatar. Rubutun likita ne, tun wata tiyata da aka yi masa yana saurayi, da sunan allurar da ta kusa kashe shi. Baduku ya kai wa takardar ya ɗinke masa don kada ta jiƙe ko ta ɓace.

Tana aljihuna lokacin da na ce babu.

Ya Allah ka gafarta wa Malam Isa, ka haskaka kabarinsa, ka raya abin da ya bari. Don Allah duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ni ma ku sa ni a ciki, bayan la'asar za a yi jana'iza, kuma ban san da wane ido zan dubi 'ya'yansa ba.