Shekara Uku da Kunnena Ya Jawo Mini

A lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Lafia, ina zaune ni kaɗai a ɗakin haya. Digirina na biyu yana ƙarƙashin katifa cikin leda, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Kowace Talata nakan tsaya wurin mai jarida in leƙa shafin neman ma'aikata, shi kuwa yana hararata don ya san ba saya zan yi ba.

A nan na ga wata cibiyar bincike tana neman wanda zai yi nazarin gishirin gargajiya. Ni ɗan garin Awe ne, a gindin tukunyar gishirin mahaifiyata na yi rarrafe. Suna son digiri na biyu, ina da shi. Suna son maƙala biyu da aka buga, ina da uku, waɗanda ban da ni ba na jin wani ya karanta. Na ƙosa in samu abokan aikin da zan yi wa zancen gishiri ba su yi hamma ba.

Sai layin ƙarshe: kada mai nema ya wuce shekara talatin da biyar.

Shekaruna talatin da uku. Takarduna kuwa sun ce talatin da shida. Ranar da aka kai ni firamare, hedimasta ya sa na ɗora hannu ta saman kai in kamo kunnena, don da haka ake gane yaron da ya isa shiga aji. Ni kuma dogo ne tun ina ƙarami, na kamo shi har da rara. Ya dube ni ya rubuta shekarar da ya ga dama, babana yana ta murna ɗansa ya shige.

Na tafi kotu in yi takardar rantsuwar shekaru. Magatakardan ya ce, "Oga, wannan ba wahala. Kawo babanka ko mamanka, shi yi rantsuwa, shi sa hannu."

Na ce sun rasu.

"To wani babba da yana wurin lokacin da an haife ka."

Na shiga mota zuwa Awe. Mahaifiyata ce mai cewa ta haife ni shekarar da naira ta fito, ita kuwa bara muka binne ta. Na bi tsofaffin da suka dafa gishiri tare da ita ɗaya bayan ɗaya. Duk sun gane ni, sun ce, "Ai dogon nan ne!" Amma ba wadda ta riƙe shekarar, kuma ban iya sa tsohuwa ta rantse kan abin da ba ta sani ba.

Ban aika takardar neman aikin ba. A motar komowa Lafia na yi kuka, kuma ba aikin kaɗai nake yi wa ba. Ranar na gane duk duniya ba sauran wanda ya san lokacin da na zo cikinta.