Dokin Ƙofar Inna

Mijina magini ne, amma a layinmu ba wanda yake kiran sa da haka, Ɗaga-Ƙofa suke ce masa. Ba ni na raɗa masa ba, ko da yake bakina ba ya rasa abin faɗa. Tun yana saurayi yake bin magina da kwanon siminti a ka, har ya iya jera bulo, ya iya shafe, ya iya zuba daɓe sumul kamar tafin hannu. Mutum ne marar magana. Sai ya wuni a gida bai ce uffan ba, ya ƙura wa bango ido yana neman inda ya karkace. Ni kuwa kitso nake yi, kun dai san mai kitso da surutu, don haka ni nake yin maganar mu biyu.

Layinmu gangare ne. Gidanmu yana can sama, na mahaifiyarsa, Inna, shi ne na ƙarshe a ƙasa. Gefen gidan Inna akwai ɗan lungu da yake ɓullewa babbar kwatar bakin titi. Da muka yi aure sai ya toshe lungun nan ya gina mini shagon kitso a ciki, da taga, da bencin siminti, har da ƙusar rataya madubi. Wallahi ba a taɓa yi mini kyautar da ta kai ta daɗi ba.

Da can damina tana da hankali. Ruwa ya zo yau, ya huta gobe, ƙasa ta sha ta ƙoshi. Sai abu ya canja. A yi ta zafi kamar za a gasa mutum, sama ta hana ko ɗigo, rana ɗaya kuma ta juye ruwan wata guda kafin ka kwashe shanya. A rediyo suna cewa sauyin yanayi ne, wai duniya ta ɗumama. Inna ta ce ita ba sai rediyo ya gaya mata ba, katifarta ta riga shi.

Shekarar da ruwa ya fara shiga gidaje, Mai Shago ne ya soma kiran mijina ya ɗaga masa dokin ƙofa. Ya ɗora masa jeren bulo, ruwa ya ga babu hanya, ya zarce gidan Tela. Tela ma ya kira shi. Haka aka yi ta yi gida gida, kowa yana tura wa na ƙasa da shi. Duk damina a ƙara jere, kuma kowa ya zuba ɓaraguzai a ƙofar gidansa, har layin kansa ya yi tudu. Shiga gidan maƙwabci ya koma kamar hawa bayan babbar mota, sai ka tattare zani ka yi bismillah. Mijina kuwa kai ya kumbura, ya samu sana'a har da suna.

Na Inna ya fi na kowa tsawo, don ita ce a ƙasa, kuma uwa ce. Ya zage ya yi mata doki har cinya, ya shafe shi tas. Ita kuwa gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Matar da kullum da yamma take zama a ƙofar gida, ba mai wucewa bai sha tsiyarta ba, sai ga shi ta daina fita. Iyakarta ta dafa dokin nan daga ciki ta leƙa layi. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, in ya zo gaishe ta sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ka tsare ni daga ruwa."

Ran da abin ya faru da rana tsaka ne, ina shago da kan wata a gabana. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin, ruwa ya tsuge. Na leƙa na ga ruwan layi yana dukan dokin Inna bai haura ba, har na ce a raina mijina gwani ne. Can sai na ji muryar Inna ta cikin bango, "'Yar nan! 'Yar nan!" Na watsar da mataji na fita, na haura dokin, sai na ji ni tsulum a ruwa har gwiwa. Ashe ba ta ƙofa ya shigo ba. Duk abin da rufin ɗakuna ya zubo tsakar gida ya rasa mafita, don rariya ta koma ƙarƙashin tudun layi. Masai ya cika ya tumbatso. Gida ya zama kwano, ga Inna a tsugune kan gado tana karkarwa, ruwan ƙazanta yana lasar katifa.

Na ja ta har ƙofa, amma ɗaga ta kan dokin ya fi ƙarfina. Ina ihu sai ga mijina a guje, jiƙe sharkaf. Ya dubi ruwan ciki ya dubi na waje, ya ga na ciki ya fi tsawo. Ya karɓo guduma a shagon Mai Shago ya hau dukan aikin hannunsa, dokin ya fashe, ruwa ya yi waje, ya goya uwarsa ya haura da ita gidanmu.

Inna ta kwanta asibiti da amai da gudawa, mun ɗauka tafiya ce. Yaran layi da yawa ma sun kwanta, ga sauro kamar a kwashe da hannu. Ran da aka sallame ta aka mai da ita ɗakinta, sai ga Yaya, babbar yayar mijina, wadda take zaune a bene can ɗaya gefen gari. Ita ma bakinta ba dama, mun sha karawa.

"Kai dai ka iya gini," in ji ta, "ka gina wa uwarka kurkuku, ka cika shi da ruwa. Tafiya zan yi da ita."

Inna ta ce, "A ɗakin nan na haife ku duka, a nan ubanku ya cika. In kika kai ni saman benen nan, wa zan gani? Kin binne ni da raina ke nan."

Yaya ta share ƙwalla ta ce, "To na ji. Amma ruwa ya sake taka ɗakin nan ko sau ɗaya, ko kina kuka sai na ɗauke ki."

Daga ranar mijina ya daina karɓar aikin doki. Ya ɗauki tiyon nan da magina suke cikawa da ruwa su gwada tudu da kwari, ya bi layi tun daga sama har ƙasa yana zana alama a bango. Wata safiya ya tsaya a kaina ina wanke-wanke, ya yi tari, ya ce, "Ruwan nan ba shi da hanya ne. Hanyarsa ita ce shagonki."

Kai! Ranar maƙwabta sun ji muryata. Na ce duk layin nan bai ga abin rushewa ba sai wurin cin abincina? Na ce da hannunsa ya gina, ni na ce ya toshe lungun? Na tuna masa har abin da ya yi mini tun muna amarci. Ya tsaya yana kallon bango har na gaji.

Da yamma na je yi wa Inna kitso. Na tarar ta ƙulle 'yan kayanta a zani ta tura ƙarƙashin gado. Ta ce, "Na ji abin da ya faru. Kar ki bari ya taɓa miki shago, 'yata. Zan bi yayarku, ai ba mutuwa ba ce." Tana faɗa tana murmushi, hawaye yana bin kuncinta. Raina ya ɓaci, tausayi ya kama ni, kunya ta rufe ni. Da gari ya waye na cire madubina, na ɗauki gudumarsa, ni na fara kai wa bangon shagon duka. Ya zo ya same ni ina yi ina kuka ina zagin sa, ya karɓa ya ƙarasa.

Sai dai buɗe lungu kaɗai bai isa ba. Sai an kwashe tudun layi, an tono tsohuwar kwatar da matakalan mutane suka danne, an haɗa rariyar kowane gida da ita. Mijina ya bi maza ɗaya ɗaya, amma mutumin da kalma uku ke yi masa nauyi, kan wa zai shawo? Sai na ce ya bar ni da matansu. Na koma yin kitso a tsakar gidan Inna, duk wadda ta sa kanta tsakanin gwiwoyina sai na kai rabi in tsaya in ce, "Ni fa na rusa shagona. Ku matakala ta gagare ku?" Ba macen da za ta tashi da rabin kitso. Matar Tela ta amsa tun kafin in ja gashi. Mai Shago ya fi kowa taurin kai, matakalarsa har da tayil, amma matarsa ta tuna masa 'yarsu da ta kwanta asibiti, shi ma ya fito da diga.

Rani guda aka yi ana aiki, maza da cebur da baro, mata da bokiti. Mijina ya fara da dokin gidanmu, wanda a da yake nuna wa masu ba shi aiki. Ya ɗaga daɓen gidan Inna yadda zai zuba waje, a ƙofarta kuma ya yi ɗan gangare mai sauƙi, ko yaro mai rarrafe ya haye. Inna dai ta ƙi takawa, jinya ta cinye ta, ta ce ba ta fita har sai ta ga abin da damina za ta yi.

Damina ta zo da halinta na yanzu, zafi, zafi, sai ga hadari wata la'asar kamar dare zai yi. Yaya tana hango shi ta ɗauko motar haya, ta ajiye direba a bakin titi, ta shigo da ƙatuwar jaka. Ruwa ya sauko, wallahi ya fi na bara. Muna tsaye a zauren Inna. Ruwan layi ya taho da gudu, ya faɗa kwata, ya kwarara ta lungun da shagona yake a da, yana ruri, ya wuce ƙarƙashin ƙusar madubina da har yau take bango. Na juya tsakar gida na ga rariya tana zuƙe ruwa kamar mai ƙishi. Yaya ta shiga ɗakin Inna, ta durƙusa ta shafa daɓe da tafin hannu, ta duba hannun. Ƙura ce a jiki.

Ruwa bai gama ɗaukewa ba muka ji ƙwas, ƙwas. Inna ce da sandarta. Mijina ya miƙa hannu ta buge shi. Ta ratsa tsakar gida, ta ratsa zaure, ta taka gangaren nan da ƙafarta, sai ga ta a layi, yayyafi yana sauka kan ɗankwalinta. Na saki shewa har muryata ta dishe, mata suka firfito, yara suna tafi. Ta ƙare wa layin kallo, ta hango Tela ta ce, "Kai, yaushe ka yi wannan tumbin?" Layi ya ɗauki dariya. Mijina, mutumin da ko a jana'izar ubansa ban ga hawayensa ba, ya juya wa mutane baya yana goge ido da hula.

Ruwan bai yi sauƙi ba har yau, kullum ƙaruwa yake, shi ya sa duk gabatowar damina za ku ga Ɗaga-Ƙofa da cebur a kwata, layi yana biye da shi. Amma ranar, Inna ta sa aka fito mata da kujera, ta zauna a ƙofar gidanta, ta dubi Yaya da jakarta ta ce, "Je ki sallami mai motar nan." Sannan ta zame ɗankwali ta miƙo mini kai ta ce, "Ke kuma ɗauko mataji. A nan za ki yi mini, in ga masu wucewa."